Yadda ake zaɓen masaukin karɓa-karɓa a Orlando idan iyali na da yawa

Ɗakin otal na yau da kullum a Amurka mutum huɗu yake ɗauka, in an yi sa'a biyar. Iyalin da suka kai mutum goma ko sha biyu, suka ƙudurta kai yara filayen wasa na Disney World ko Universal a Orlando ta jihar Florida, sai sun kama ɗaki uku kafin kowa ya samu wurin sa haƙarƙarinsa, kuma babu kicin, babu injin wanki, babu falon da za a haɗu a ci abinci tare. Shi ya sa masu iyali da yawa suke komawa ga gidajen hutu na karɓa-karɓa, waɗanda a shafukan intanet za ku ga an rubuta timeshare. Tsarinsu kamar adashi yake: gida ɗaya ne, masu shi da yawa, kowa da makon da yake ɗauka a shekara, ko kuma makin da yake kashewa ya kama kwanakin da yake so. Orlando na cikin garuruwan da suka fi ko'ina yawan irin waɗannan gidaje a duniya.

Abin da ya kamata ku riƙe tun daga farko shi ne ba sai kun saya ba kafin ku kwana a ciki. Haya za ku yi, ko daga kamfanin da ke kula da wurin, ko daga hannun wanda ya mallaki mako amma ba zai je bana ba. Duk bayanin da ke tafe a kan haya yake.

Ku fara da ƙirga kawuna da gadaje

Kafin a buɗe kowane shafi, a ɗauki takarda a rubuta sunan duk mai tafiya, da shekarunsa, da wanda zai iya haɗa ɗaki da shi. Wannan shi ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne yake ɓata tafiya.

Dalili kuwa, idan suka rubuta cewa gida mai ɗaki biyu yana ɗaukar mutum 8, ga yadda lissafinsu yake: miji da mata a babban ɗaki, mutum huɗu a ɗaki na biyu mai gado biyu, wato bibbiyu a kowane gado, sannan mutum biyu a kujerar falo da ake buɗewa ta zama gado. A takarda takwas ne. A gidan Bahaushe kuwa, in akwai Hajiya kaka, da ƙanwar uwargida, da saurayi ɗan shekara 16, da 'yan mata biyu da suka fara tasawa, lissafin ya rushe. Hajiya ba za ta kwana a falo ba, saurayin ba zai shiga ɗakin 'yan mata ba, kuma wanda aka bari a kujerar falo ba shi da barci sai kowa ya tashi daga hira, ba shi da ramuwar barci da safe domin kicin a jikin falon yake. Don haka ku ƙirga ƙofofin da ake rufewa, kada ku tsaya a adadin da aka rubuta.

Banɗaki ma haka. Gida mai ɗaki biyu yawanci banɗaki biyu ne, kuma ɗaya yana can cikin babban ɗaki. Mutum takwas da za su yi alwala da asuba, su yi wanka, su fita kafin ƙarfe takwas, banɗaki biyu ya yi musu kaɗan. A ganina, da zarar kun haura mutum bakwai manya da matasa, ku nemi mai ɗaki uku, wanda galibi aka yarda ya ɗauki mutum 10 zuwa 12.

Adadin da suka rubuta iyaka ce, ba shawara ba. Ka'idar kashe gobara ce ta sa shi, kuma suna da ikon hana ku makulli idan kun wuce. Kada a ce za a lallaɓa da yaro ɗaya. Ku tambaya a rubuce ko jariri yana cikin ƙirga: a gidajen Disney ana ɗaga ƙafa ga yaro ɗaya da bai kai shekara 3 ba in a gadon jarirai zai kwana, wasu wuraren kuwa kowane rai ƙirga shi suke yi.

Akwai wani nau'in gida da ake kira lock-off, wanda ya dace da mu ƙwarai. Gida biyu ne a haɗe: ɗaki da falo mai cikakken kicin, da wani ƙaramin sashe mai ƙofarsa ta waje da banɗakinsa da ɗan firji, sai ƙofa a tsakani da ake iya kullewa. In da suruka a tafiyar, ko wa da ƙani kowa da matarsa, wannan ya fi gidan da aka gina shi ɗaki biyu tun asali, domin kowa yana da sirrinsa, abinci kuma tukunya ɗaya. Idan kuwa kun haura sha biyu, gida biyu masu ɗaki bibbiyu sau da yawa sun fi sauƙin samu fiye da babba ɗaya, sai ku roƙi a haɗa ku a gini ɗaya. Roƙo ne dai, ba alkawari suke yi ba.

Wane filin wasa za ku fi zuwa

Orlando ba wuri ɗaya ba ce. Disney World, da aka buɗe a 1971, faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 100, da manyan filaye huɗu a ciki: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Universal tana arewa maso gabas da ita, kusa da titin International Drive, kuma a watan Mayun 2025 ta ƙara sabon fili mai suna Epic Universe. SeaWorld na tsakaninsu. Babbar hanyar da ta haɗa su, I-4, ta yi ƙaurin suna wajen cunkoso safe da yamma. Kowane masauki zai ce muku yana dab da Disney, amma kasancewa dab da iyakar Disney daban, isa ƙofar Magic Kingdom daban, inda bayan an ajiye mota ma sai an hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo guda kafin a kai bakin shiga.

Ku zauna da yaran ku yanke inda za ku fi yawan kwanaki. Ƙananan yara Disney suke so, matasa sun fi karkata ga Universal saboda manyan lilo masu gudu. Daga nan sai ku duba masaukan da ke ɓangaren.

In Disney ce gaba, Club Wyndham Bonnet Creek yana zagaye da filayen Disney duk da ba nata ba ne, kuma yana da gidaje har masu ɗaki huɗu, kodayake waɗannan ba su da yawa. Sheraton Vistana Resort yana Lake Buena Vista, kusa da Disney Springs, wurin shaguna da gidajen abinci na Disney. Orange Lake na Holiday Inn Club Vacations yana Kissimmee a kan hanyar 192, ta gefen Animal Kingdom. Tun 1982 yake, kuma faɗinsa ya isa a ce sai da mota ake zuwa wani sashen daga wani, don haka a tambayi wane sashe za a sa ku. In kuwa za ku raba kwanaki tsakanin Disney da Universal, ku duba na tsakiya, irin Marriott's Grande Vista, da Sheraton Vistana Villages, da Hilton Grand Vacations na kusa da SeaWorld. Ku lura Vistana biyu ne a wurare daban-daban, sunan yana ruɗa mutane.

Sai na Disney kanta, Disney Vacation Club, wanda ya fara a 1991 da masaukin da yau ake kira Old Key West. Gidajensu masu ɗaki biyu suna ɗaukar mutum 8 zuwa 10 gwargwadon wurin, manyan masu ɗaki uku kuma mutum 12. Tsadarsu ta fi ta sauran nesa ba kusa ba, amma akwai abin da kuɗin yake saya: motoci da jiragen Disney suna kai ku filayen kyauta, ba ku biyan kuɗin ajiye mota a filayen wasan, kuma ana barinku ku shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Babban amfaninsu ga iyali mai yawa shi ne kowa yana iya komawa gida lokacin da ya gaji. Da azahar, lokacin da rana ta take, uwa za ta iya ɗaukar ƙaramin yaro da Hajiya su hau bas su koma su huta, matasa su ci gaba da wasa. A masaukin waje mai mota ɗaya, in mutum ɗaya ya gaji kowa ya tashi ke nan.

Kafin ku amince da nisan da aka rubuta, ku sa adireshin a taswirar waya, ku saita ta ƙarfe takwas na safe, ku ga mintunan gaskiya. Motocin da wasu masaukai suke cewa suna kai baƙi filayen wasa kuma, a tambayi sau nawa suke tashi a rana da ko ana biya. Wasu sau biyu ko uku ne kawai, kuma kuɗin kowane kai idan aka ninka shi goma ya kai na hayar mota.

Lokacin tafiya da lokacin kamawa

Makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, da makon Thanksgiving a ƙarshen Nuwamba, da hutun makarantu na Maris da Afrilu, nan ne farashi yake kai ƙololuwa, manyan gidaje kuma suke ƙarewa da wuri. Ƙarshen Agusta da Satumba sun fi sauƙi, haka ma bayan hutun sabuwar shekara zuwa farkon Fabrairu. Sai dai daminar Florida zafi gare ta mai gumi, da ruwan sama mai tsawa kusan kowace la'asar, kuma lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Duk wanda zai kama a waɗannan watanni ya karanta abin da yarjejeniya ta ce idan guguwa ta hana tafiya.

Gidaje masu ɗaki uku kaɗan ne a kowane masauki. A tsarin Disney, mai maki yana iya kama ɗaki a masaukin da ya sayi makinsa tun saura wata 11, a sauran masaukan kuma saura wata 7, manyan gidajen kuwa tun a farkon nan ake wawashe su. Don haka neman babban gida aikin wata takwas zuwa shekara ne kafin tafiya. In akwai masu tasowa daga Najeriya ko Nijar ko Ghana don a haɗu, kada a biya kuɗin da ba a mayarwa, kada kuma a ƙirga su a girman gida, sai biza ta shiga hannu.

Daga hannun wa za ku karɓa

Hanya uku ce. Ta farko, ku kama kai tsaye a shafin kamfanin, Marriott ko Hilton ko Wyndham, kamar yadda ake kama otal. Ita ta fi tsada, ita kuma ta fi kwanciyar hankali, domin yawanci ana iya fasawa a mayar da kuɗi. Ta biyu, ta hannun kamfanonin dillanci da ke haɗa masu mako da masu haya, irin RedWeek, da kuma dillalan da suka ƙware a hayar makin Disney. Ta uku, kai tsaye daga mai makon, a zaurukan Facebook da makamantansu. Nan ne araha take, nan ne kuma 'yan damfara suke.

Sauƙin da ake samu a hannun masu mako yana da dalili. Duk shekara suna biyan kuɗin kula da gini, sun je ko ba su je ba, kuma kuɗin hawa yake yi. Wanda ba zai samu zuwa ba gara ya ba da haya ko da kuɗin kulawar kawai zai mayar. Amma ku san cewa ɗakin yana ƙarƙashin ikonsa har ranar da za ku karɓi makulli: shi ya kama, shi yake iya sokewa, in kuma bai biya kuɗin kulawarsa ba kamfani yana iya toshe shi. Saboda haka a yi waɗannan abubuwa ba tare da jin kunya ba.

A nemi takardar tabbaci daga masaukin, mai ɗauke da sunan wanda zai karɓi makulli kamar yadda yake a fasfo ko lasisinsa, da ranakun, da girman gidan. Sannan ku nemo lambar wayar masaukin da kanku, ba wadda mai hayar ya turo ba, ku kira ku ji ko lambar tabbacin tana nan da sunanku. In na Disney ne, ku sa lambar a manhajar My Disney Experience, za ta fito in gaskiya ce. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. A biya da katin banki na bashi ko wata hanyar da ke da kariyar mai saye, ko ta dillalin da ke riƙe kuɗin sai kun shiga ɗaki. Wanda ya ce sai dai a tura masa ta Zelle ko Western Union ko katin kyauta, yana kuma gaggauta ku wai wani na jira, ku rabu da shi komai arahar.

Akwai tambaya ɗaya da mutane ba su san yinta ba: makon nan naka ne, ko musanyensa ka yi? Kamfanonin musaya, RCI da Interval International, sun haramta wa membobinsu ba da hayar makon da suka samu ta musaya. In aka gano, ana iya soke ɗakin kuna hanya, ku iso da yara da akwatuna ku tarar babu wurin kwana.

Lissafin kuɗi na gaskiya

Farashin da ke saman shafi ba shi ne abin da za ku biya ba. Harajin masauki a gundumar Orange, inda Orlando take, kashi 12.5 cikin ɗari ne, a gundumar Osceola ta Kissimmee kuma 13.5. Wasu wuraren suna ƙara kuɗin hidima na kowace rana, wasu kuɗin ajiye mota, kuma kusan duka za su riƙe wani abu a katinku ranar shiga a matsayin jingina. Ku ce a ba ku jimillar ƙarshe a rubuce. Ku ɗora kuɗin ajiye mota a filayen wasa, wanda ya kai dala 30 zuwa sama kowace rana, kuma mota biyu kuɗi biyu. Ƙaramar bas ta iyali mutum 7 ko 8 take ɗauka. In kun fi haka, ko mota biyu da direba biyu, ko babba mai cin 12 zuwa 15. Dokar Florida ta wajabta kujerar yara a mota ga duk yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa.

Inda masaukin karɓa-karɓa yake mayar da kuɗinsa shi ne kicin. A ƙaddara kwanon abinci ɗaya a cikin filin wasa dala 15 ne. Mutum 11 sau uku a rana, dala 495 ke nan a yini ɗaya, kuma ga wahalar neman na halal. Da kicin kuwa, ana karyawa a gida, a dafa na dare a gida, na rana a ƙulla a tafi da shi, domin Disney ta yarda a shiga da abinci muddin ba a mazubin gilashi yake ba. Universal ta fi tsaurarawa, abin taɓawa kaɗan take bari.

Don haka ku duba hoton kicin ɗin da kyau. Ya zama cikakke: murhu mai kai huɗu, tanda, babban firji. Ƙananan sassan nan marasa falo ɗan firji da na'urar ɗumama abinci kawai gare su. Tukwanen da za ku tarar na girkin mutum huɗu ne, shinkafar mutum goma ba za ta shiga ba, sai a sayi babbar tukunya a Walmart ranar farko, a kuma wanke kayan kicin ɗin tas kafin a fara, tunda ba a san abin da na baya suka dafa ba. Shagunan naman halal suna nan a yankin. Mai tasowa daga gida ya zo da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, ya bayyana su a kwastan, amma ban da kilishi da dambun nama, ba a barin nama ya shiga. Wajen suya a kunna fankar da ke saman murhu a buɗe ƙofar baranda, domin na'urar gano hayaƙi tana manne a silin ɗin falo, albasa ta ɗan ƙone a mai sai ta ɗauki ƙara. Turaren wuta kuwa a haƙura da shi gaba ɗaya, ana iya cin ku tarar shan taba a kansa.

Ƙananan abubuwan da za a tambaya kafin a biya

Injin wanki da na busarwa a cikin gidan suke, ko a wani ɗaki na kowa da kowa? Ga iyali mai yara wannan ya rage rabin kayan da za a ɗauko. Akwai lif? Tsofaffin masaukai da yawa bene biyu ko uku ne da matakala kawai, mafi yawan gine-ginen Old Key West ma haka suke. In akwai dattijuwa mai ciwon gwiwa, a nemi ƙasa tun ranar kamawa, a kuma sake kira saura mako biyu. Ba a shara da sauya tawul kullum kamar otal. A mako ɗaya wataƙila sau ɗaya za a leƙo, shara kuma ku za ku fitar. Shiga yawanci ƙarfe huɗu na yamma ne, fita goma ko sha ɗaya na safe, kuma masu tsarin mako sukan fara ne Juma'a ko Asabar ko Lahadi, sai a daidaita tikitin jirgi da wannan. A sa buta a akwati, ba za ku same ta a banɗakinsu ba. Alƙibla a Orlando arewa maso gabas take, kuma akwai masallacin Islamic Center of Orlando a yankin Lake Buena Vista, ba nisa da Disney, ga masu son Juma'a. Gidan da barandarsa ke kallon wurin ninƙaya ya fi hayaniya da dare, kuma ba kowane magidanci ne zai so abin da ake gani daga nan ba. Ana iya roƙon gini na can ciki.

Ranar shiga

Bayan an ba ku makulli, a yawancin waɗannan wurare za a ce ku bi ta wani tebur ku karɓi takardar ajiye mota ko kyautar maraba. Teburin 'yan talla ne. Za su yi muku tayin tikiti mai rahusa, ko katin sayayya, in kun yarda ku halarci zaman bayani na minti 90 zuwa 120, miji da mata tare. Zaman yakan zarce haka, kuma manufarsa ku sayi mako ko maki a ranar. In haya kuka yi da cikakken kuɗi, babu abin da ya wajabta muku zuwa. Ku ce kun gode ba ku da buƙata, ku karɓi takardar motarku ku wuce, in sun kira wayar ɗaki ku maimaita. Amma in da farashin talla mai rahusa sosai kuka kama ɗakin, ku karanta sharuɗɗan, domin a nan zaman dole ne, wanda bai je ba za a cire masa cikakken kuɗin ɗakin a katinsa.

Safiya ɗaya ta mutum goma da aka riga aka biya wa tikiti ta fi kyautar da za su bayar daraja, shi ya sa nake ganin zuwan asara ne. Sayen kuma nauyi ne na shekaru masu yawa, da kuɗin kulawa duk shekara, ga shi idan aka tashi sayarwa da wuya a samu ko kusa da abin da aka biya. Wanda ya riga ya sa hannu, dokar Florida ta ba shi kwana 10 ya janye a mayar masa da kuɗinsa. Janyewar a rubuce ake yinta, a aika ta adireshin da ke cikin yarjejeniyar ta hanyar da za a samu shaidar aikawa, a kuma ajiye kwafin wasiƙar da rasit ɗin gidan waya.